Bakin da Alhaji Isa Ya Ara

Shekara biyar ke nan da muka kai Alhaji Isa makwancinsa a nan Jidda. Lokacin da ya rasu, ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Yau ga ni ina rubuta nasa, a hankali, da hannun da ya fi sabawa da sitiyari a kan alƙalami. Masu karatu su yi haƙuri da ni. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci ne ni, furfura ta riga ni shiga aji.

A unguwarmu ta Sharafiyya kowa Isa Jawi yake ce masa, domin a bakin mutanen Hijaz duk wanda ya fito daga can ƙasashen gabas Bajawe ne, kamar yadda mu duka Takari ne. Amma shi ba ɗan Indunusiya ba ne. Mutumin Biyetnam ne, daga kudancin ƙasar, wani ƙauyen Musulmi da gidajensa ke tsaye a kan turaku a bakin kogi. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Cam ne, mahaifiyarsa kuwa 'yar Biyetnam ce da ta musulunta, kuma da harshenta ya buɗe baki. Ya baro gida bayan yaƙinsu ya ƙare a 1975, ya zauna a Maleshiya, ya zo aikin Hajji, bai koma ba. Matarsa ta rasu tun kafin in san shi, Allah bai ba su haihuwa ba.

Ƙofar ɗakina na kallon tasa. Ni direban wani gida ne a Abhur, shi kuma yana gyaran injinan kwale-kwale a can bakin teku, don haka mota ɗaya muke shiga da safe. A wannan hanya ya koyi Hausa, kuma tawa ya koya, ta mutanen Adar, domin ni daga ƙasar Tawa na fito. Sai ka ga Kanawan unguwa sun tare shi don kawai su sha dariya. Wani mai shago yakan ce, "Jawi, ina zuwa?" Shi kuma ya amsa, "Gida za ni tahi. Mi kaka so?" Sai su kama ciki, su ce Buzu ya lalata masa baki. Ni nakan ji kunya, domin ni ake yi wa dariyar. Shi ko a jikinsa. Yakan ce, "Hausar da ta ba ni ruwa ita nake yi. Ku me kuka ba ni?"

Shi ya fara sanar da ni cewa ba mu kaɗai ke da wannan ba. Ya ce harshensu kamar namu yake, hawa da saukar murya na canza magana, kuma ƙasarsu doguwa ce kamar igiya, ta kasu baki uku. Mutanen arewa maganarsu a tsaye take, mai kaifi, wani wuri murya ta karye a maƙogwaro kamar an taka reshe. Mutanen tsakiya nasu da nauyi, har su kansu 'yan ƙasar sai sun kasa kunne sosai. Na kudu kuwa, in ji shi, kamar ruwan kogi ne bayan damina, yana tafiya ba ya gaggawa, yana cinye ƙarshen kalma. Inda ɗan arewa zai ce "za", ɗan kudu "ya" zai ce. Yakan gwada mini duka ukun a mota, amma in ya zo kan na arewa, gajere yake yi ya yi shiru. A lokacin ban lura ba.

Abin da na lura da shi shi ne ba shi da abokin magana. Shekaru masu yawa babu wanda ya gaishe shi da harshen uwarsa. Na sha samun sa a durƙushe gaban inji yana yi masa faɗa a hankali da wannan harshe, kamar mai lallashin jaki. Da na tambaya sai ya ce, "In ban motsa shi ba, tsatsa zai yi."

To, da kamfanoni suka fara kawo leburori daga Biyetnam, wata rana na ji wasu masu walda suna hira a wani ginin shaƙatawa da ake yi kusa da gidan maigidana. Na gane kiɗan maganar. Na matsa kusa da babbansu, wani magidanci siriri mai tabon ƙuna a hannu, sunansa Zun. Da guntun Larabcinsa da nawa muka fahimci juna. Ranar Juma'a bayan La'asar na ɗauko shi zuwa Sharafiyya, ina ta murna a raina, kamar wanda ya tsinto wa maƙiyayi saniyarsa da ta ɓace.

Alhaji Isa na zaune yana tsintar shinkafa. Zun ya rusuna, ya gaishe shi da ladabi. Na ga hannun Alhaji ya tsaya a cikin tire. Bai ɗago kai ba. Da ya buɗe baki, da Larabci ya amsa, kuma ni ya kalla: "Ka ba baƙonka shayi, ka mai da shi inda ka ɗauko shi."

Kwana biyu bai yi mini magana a mota ba. A na uku, muna tsaye a danja, ya ba ni labarin. Su uku ne a ɗakin uwarsu: yayarsa mace, wansa, sai shi. Wan nasa ya yi aikin soja a ɓangaren kudu. Da yaƙi ya ƙare, wani mutum mai bakin arewa ya zo ƙauyensu da lasifika, ya ce duk wanda ya taɓa sa kaki ya fito, karatu za a je na 'yan kwanaki a dawo. Uwarsu ta ƙulla wa wan nasa busasshen kifi. Ba a sake ganinsa ba. "Fuskar mai lasifikar ta ɓace mini," in ji shi. "Muryar ce ba ta ɓace ba. Ita ka kawo mini har ɗaki."

Na faɗa wa Zun abin da na iya faɗa. Sai ya ce shi ma ubansa ya tafi kudu yaƙi yana yaro, har yau ba su san kabarinsa ba. Ya roƙe ni in sake kai shi. Wannan karon da ya shiga, sai ya lanƙwasa harshe, ya yi gaisuwar da irin bakin kudu, yana jan kalmomi, don ya faranta wa tsohon rai. Abin ya fi na farko muni. Alhaji Isa ya miƙe tsaye, ya yi masa magana da harshensu a karon farko, kalmomi kaɗan masu zafi. A hanya Zun ya fassara mini: "Kada ka ari bakin da ba a ara maka ba." Daga nan na haƙura. In ka ga rijiya da murfi, mai ita ya san abin da ya faɗa ciki.

Sau da yawa yanzu nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga Jiddar yau. 'Yan ƙasarsu sun ƙaru, maza a gine-gine, mata a gidaje, na kudu da na arewa suna cin abinci a kwano ɗaya, domin zafin rana da kafili, wato ubangidan da ke riƙe da takardunsu, ba su san bambancin baki ba. Yaro yana riƙe da waya a aljihu, ya kira ƙauyensu a duk lokacin da ya so. Abin da ya fi ƙarfin Alhaji Isa shekara talatin, yau yara na yin sa suna tafiya a titi. Ya taɓa aika wa yayarsa saƙo a farkon zuwansa, bai ji amsa ba. Sai tsoro ya kama shi, kada saƙon waje ya jawo mata fitina. Da tsoron ya wuce, kunya ta maye gurbinsa, domin ya fita gida bai yi mata sallama ba. Kunya kuwa in ta kwana, girma take yi.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kayar da shi a bakin aikinsa. Da ya farfaɗo a asibiti, Larabcinsa ya tafi, Hausarsa ta tafi. Kalmar shahada ce kawai ta rage, sai harshen uwarsa. Yana riƙe rigata da hannun da ke motsi, yana maimaita magana ɗaya, hawaye na bin kunnensa. Na ba shi ruwa, ya kau da kai. Na juya shi alƙibla, ya ci gaba. An kira wata ma'aikaciya 'yar Indunusiya, ta saurara, ta girgiza kai. Likita ya ce mini lokaci ya yi kusa. Mutumin da muka raba gishiri shekara da shekaru yana roƙona abu, ni kuwa na zama kurma a gabansa.

Mutum ɗaya na sani a duk Jidda da zai ji shi, kuma shi ne wanda ya kora sau biyu. Na je wurin aikin Zun. Bai tambaye ni komai ba, ya ajiye gilashin walda, ya roƙi shugabansu izini, ya ce, "Yalla."

Ya tsaya a bakin gado, ya yi gaisuwa da bakinsa na arewa, ba ƙari ba ragi. Alhaji Isa ya rufe ido. Na ɗauka korar ta uku ce. Sai ya saki rigata, ya miƙa hannun ga Zun.

Ba da sauƙi suka fahimci juna ba. Harshen tsohon ya yi nauyi, ga bakin kudu, Zun sai ya sa kunne dab da leɓensa, ya maimaita, a gyara masa. Daga baya ya juyo ya gaya mini: saƙo ne zuwa ga yayarsa, in tana raye. Amma ba a takarda ba, domin ba ta karatu. Kuma Alhaji ya ce in baƙo ya tsaya a ƙofarta da muryar arewa, ba za ta saurari ƙarshen maganar ba. Don haka Zun da zai kai saƙon dole ya haddace shi yadda ya fito daga bakin Alhaji.

Haka na zauna ina kallon abin da ban taɓa zaton gani ba. Tsoho mai rabin jiki yana koya wa magidanci yadda ake magana a ƙauyensu, kalma bayan kalma. In Zun ya kaifafa, tsohon ya matse masa yatsa. In ya sassauta yadda ya kamata, ya sake shi. A wani wuri Zun ya yi wata irin lanƙwasa da ta sa ɓarin fuskar Alhaji mai rai ya yi dariya. Wanda ya ce kada a ari baki, shi ne yau yake ara nasa.

A kudancin Biyetnam, in ji Zun, ba a kiran ɗan fari Na Ɗaya. Daga Biyu ake fara ƙirga 'ya'ya, kuma da wannan lambar ake kiran juna a gida. Ga saƙon yadda ya juya mini shi: "Yaya Biyu, Huɗu ne. Na fita ban yi miki sallama ba, ki yafe mini. Ban daina yi wa Uku addu'a ba. Na kwanta kusa da Ɗakin Allah, kada ki jira ni a bakin kogi."

Bayan kwana kaɗan Alhaji Isa ya cika. Muka yi masa sutura, Hausawa da Jawawa da 'yan Yaman na unguwa, har da mai shagon da ke yi masa dariya, wanda ya fi kowa kuka. Zun ba Musulmi ba ne. Ya tsaya a wajen katangar maƙabarta, cikin rana, hularsa a hannu, har muka fito.

Da kwantiraginsa ya ƙare ya koma gida, na cire rai. Alkawarin gaban gawa da yawa a maƙabarta yake kwana. Sai wata safiya ina wanke mota a Abhur waya ta yi ƙara. Zun ne, da guntun Larabcinsa. Ya ratsa ƙasar tun daga arewa har ƙarshen kudu. Ya ce da ya tambayi hanya a ƙauyen, mutane suka yi ta kallonsa ba su amsa ba. Sai ya tsaya a gindin matakalar gidan da wata mata ta nuna masa da haɓa, ya ɗaga murya, ya faɗi saƙon yadda aka koya masa. Wata tsohuwa da idonta ya mutu ta fito tana lalube, tana kiran "Huɗu, Huɗu." Ta shafa fuskarsa, ta gane ba shi ba ne. Ba ta sake shi ba. Ta sa ya maimaita har muryarsa ta dushe.

Sannan ya miƙa mata wayar. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na san wannan ruwan kogin. Shi nake ji kullum a gaban inji. Na buɗe baki in amsa mata, sai na ji Hausar Adar ce ke fita, tsantsarta, wadda na daɗe ina ɓoyewa a gaban Kanawa. Muka yi ta magana, ita da nata, ni da nawa, har katin ya ƙare.

Alhaji Isa bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Ɗakinsa wani tela ne a ciki yanzu, kwale-kwalen da ya gyara an sauya musu injina. Shi ne ya matsa mini in shiga aji, kuma da na ce ina tsoron a yi wa Hausata dariya, cewa ya yi, "Koyi ta littafi don hannunka, ka bar ta uwarka a bakinka." Da ta littafin na rubuta wannan. Amma da na karanta wa 'yan ajinmu, malaminmu ya ce da Adaranci na karanta shi gaba ɗaya, ban kuma ba kowa haƙuri ba.

Ban sani ba ko ya yafe wa mai lasifika. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da na gani da idona shi ne ya ɗauki abu mafi tsada da ya rage masa, ya sa a bakin da ya fi tsoro a duniya, kuma bakin ya kai amana har gida. Allah Ya jiƙan Alhaji Isa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya ji an kira shi Huɗu a inda ba a sake rabuwa.