Dalma a Romon Tonosaki

Tonosaki Masaji bai taɓa sayen harsashin kanti ba, kuma ya tabbatar kowa a ƙauyenmu ya san da haka. Yakan ce harsashin kanti kamar shinkafar tashar jirgin ƙasa ce, za ta cika maka ciki amma ba ka san hannun da ya dafa ta ba. Nasa da kansa yake haɗawa, a wani ɗan ɗaki da ke bayan rumfar shanunsa.

A nan gabashin Hokkaido, tsibirin arewacin Japan, aka haife shi. Kakansa ne ya hauro daga kudu da gatari da tukunya ya sare dajin da ya zama gonarsu. Tonosaki ya gaji gonar, ya gaji shanun madara, ya yi ta tatsa safe da yamma har gashinsa ya yi fari. Amma in baƙo ya tambaye shi sana'arsa, maharbi yake cewa. Shanun dai wasu dabbobi ne da suka ƙi barin gidansa. Ya yi shekara goman nan da doka ta ɗora wa kowa yana riƙe da bindigar harbin tsuntsu kafin a yarda masa ya mallaki ta manyan dabbobi, bai taɓa ƙorafi ba. Matarsa Fumie takan ce ita bai yi mata rabin wannan haƙurin ba.

Ni malamin makaranta ne da ya shiga ƙungiyar maharba a makare, saboda haka duk furfurata ƙaramin yaro nake a wajensu. Aikina jan barewa zuwa mota. Da wannan matsayin na samu izinin shiga ɗakin nasa, na zauna a kan akwati na yi kallo. Yakan rufe taga, ya jera kwansunan harsashi, ya auna albarushi a ƙaramin sikeli yana riƙe da numfashi, ni ma ya ce in riƙe nawa. Sannan ya ɗauko ƙwayar, wato abin da zai fita ya sami dabba, ya juya ta a haske kamar mai zaɓen suruki, ya danna ta a bakin kwanson. Idan yana wannan aikin ko saniya ce ke naƙuda sai dai ta jira.

A da, ƙwayar da kowa ke harbawa dalma ce a ciki, an yi mata 'yar riga ta jan ƙarfe. In ta shiga jikin barewa sai ta tarwatse, ta yi ɓarna ko'ina, dabbar ta faɗi nan take. Maharba sukan yanke naman kirki su bar kayan ciki a kan ƙanƙara. Mikiyoyin nan masu farar kafaɗa da ke zuwa mana kowane hunturu sai su sauka su ci, su haɗiye ɓarɓashin dalmar, daga baya a tsince su a bakin kogi ba sa iya ɗaga kai. Da abin ya yi yawa hukuma ta hana dalma, ta ce sai ƙwayar jan ƙarfe zalla.

An yi guna-guni sosai. Maharba suka ce jan ƙarfe ratsa dabba yake kamar allura a yadi, in ba ka saka shi daidai ba barewa za ta tafi da shi ta bar ka da bin jini. Tonosaki ne ya fara komawa sabuwar ƙwayar. Ba don ƙaunar mikiya ba, domin malalatan ɓarayi yake ce musu. Abin ya burge shi ne saboda ya fi wuya. Yakan ce dalma tana rufa wa mai kuskure asiri, jan ƙarfe kuwa sai wanda ya san inda zai ajiye shi. Ya yi ta gwaji a filin koyon harbi har ya samo haɗin da ya dace da bindigarsa, ya koya wa duk wanda ya tambaya, ya kuma koya wa waɗanda ba su tambaya ba. Muka zaɓe shi shugaban ƙungiya. Kowace shekara ranar buɗe farauta yakan miƙe a ɗakin taron ƙauye ya yi mana jawabi a kan dalma, mu kuma mu yi tafi.

Da ya haura saba'in sai muka lura ya fara riƙe kofin shayi da hannu biyu. Muka ce ladabi ne, dama haka ya kamata a riƙe. Barewarsa kuwa ta ci gaba da faɗuwa a inda take tsaye, har ma ta fi da. Muka ce gwaninta ce ke ƙaruwa da shekaru.

Ranar walimar rufe farauta ta shekarar da nake ba da labari, mun yi baƙuwa. Likita Shiraki ce, likitar dabbobin da ke jinyar mikiyoyin da aka tsinto, ta zo da takardar yabo a cikin gilashi don ta miƙa wa Shugaba. Aka zaunar da ita a wurin girma. Matan ƙauye sun dafa romon barewa da miso, daddawarmu ta waken soya, da farin rogon nan na hunturu mai ruwa, naman kuma na barewar da Tonosaki ya harbo da hannunsa ne. Fumie ta zaɓo mata yanki mai kyau daga kafaɗa.

Likita ta kai loma ta biyu ko ta uku sai muka ji ƙas. Ta kare baki da hannu, ta yi ƙoƙarin zare abin cikin takardar goge baki, amma ya kufce mata ya faɗo kan tire, ya gangara ya tsaya kusa da kwanon Ebina. Jan ƙarfe in ya fito daga nama ja ne, a buɗe kamar fure. Wannan kuwa toka-toka ne, a lanƙwashe, bai kai ƙwayar wake ba. A ɗakin nan akwai mutanen da za su iya manta fuskar jikokinsu amma ba za su manta kamannin dalma ba.

Ebina masunci ne, shi ne mataimakin shugaba, kuma a tarihinsa bai taɓa barin abin tsokana ya wuce ba. Ya dubi abin, ya buɗe baki, duk muka sunkuyar da kai. Sai ya ce rogon bana ya yi zaƙi. Nan take ɗakin ya amince. Wani ya ce sanyin da aka yi da wuri ne, wani ya ce a'a, taki ne, aka yi muhawara mai zurfi. A cikin hayaniyar Likita ta miƙa hannu ta ɗauke abin ta sa a aljihu, ta ce ɗan tsakuwa ne, ta ba da haƙurin tayar wa mutane hankali. Bayan an gama ci ta miƙe ta karanta takardar yabon. Tonosaki ya karɓa da hannu biyu ya rusuna, gilashin yana ta ƙaraf-ƙaraf a jikin katakon. Mun yi tafi da ƙarfi don kada a ji.

Bayan 'yan kwanaki ya aika a kira ni. Na same shi a ɗakin haɗa harsashin, ba ya auna komai. Bai dube ni ba, bangon yake yi wa magana. Ya ce akwai wani kwalin tsohuwar ƙwaya da ya rage tun kafin hani, ya san ya kamata ya kai a lalata, amma kaya ne mai kyau, hannunsa ya ƙi zubarwa. Ya ce bara ya harbi wata barewa da jan ƙarfe, hannun ya ɗan motsa, ya same ta a ciki. Ya bi jininta har rana ta faɗi bai same ta ba. Da ya dawo gida sai ya buɗe kwalin. Ya ce daga waje ba mai bambance su in an danna su a kwanso, sai wanda ya haɗa.

Na san abin da yake jira. Amma ni ƙaraminsa ne, ba a koya mana yadda ake yi wa babba faɗa ba. Na ce ni dai a ƙarshen tebur nake, ban ga komai ba.

Ya juyo ya dube ni. "Har da kai, Malam?"

Na ce rogon dai ya yi zaƙi.

A wajenmu laifi yana da hanyar fita. Ka sayi akwatin alewa mai kyau, ka je gidan wanda ka ɓata wa, ka sunkuya har goshinka ya kusa taɓa tabarma, ya yi maka faɗa ko ya yi shiru, daga nan ka ɗago kai ka koma cikin mutane. Sai dai kafin ka ba da haƙuri dole a samu wanda ya yarda an yi wani abu. Abin da Tonosaki ya shiga nema ke nan, ƙauye guda kuma ya haɗa baki don kada ya samu.

Da farko ya ɗauki shebur ya hau dutsen da ya yi harbin don ya binne ragowar barewar. Ya tarar da ƙashi fes da sawun manyan farata a kan ƙanƙara. Ya sauko ya je wajen Ebina ya ce zai ajiye shugabanci. Ebina yana gyaran raga, ya tambaye shi dalili. Tonosaki ya ce saboda abin da ya faru ranar walima. Ebina ya ce shi abin da ya tuna ranar shi ne ya sha giyar shinkafa fiye da kima, in kuwa tsufa ne ke damun Shugaba to ya kwanta ya huta, su za su yi aikin, sunansa kawai suke so. Ya ƙara da cewa dama aikin shugaban bai taɓa wuce surutu ba. Tonosaki ya ce zai kai kansa wurin 'yan sanda. Fumie ce ta tare wannan, ta ce in ya je za a bi gidan kowane ɗan ƙungiya ana buɗe akwatuna, kuma ita ba ta auri mutumin da zai jawo wa maƙwabta wahala don ya ji sanyi a ransa ba. Ya dai kai bindigarsa ofishin 'yan sandan ya ce shekaru sun zo. Ɗan sandan ya miƙe tsaye ya gode masa, ya ce da sauran tsofaffi za su yi koyi da shi.

Saura Likita. Ni na tuƙa shi, akwatin alewa a cinyarsa. Ta karɓe mu da fara'a, ta zaga da mu wurin jinyar. A wani keji akwai mikiya ɗaya a tsugune, kanta a rataye, fikafikan sun zube a ƙasa kamar rigar da aka yar. Tonosaki ya daɗe a tsaye. Ya ce tasa ce, dalmarsa ce. Likita ta ce ba a rubuta suna a jiki, kuma maharba na zuwa daga wasu tsibiran da abin da suka ga dama. Ya ajiye akwatin, ya fara durƙusawa a kan simintin nan mai sanyi. Ta riƙe masa kafaɗa.

"Shugaba Tonosaki, don Allah tashi. In na ji abin da kake son faɗa, dole in kai rahoto. In na kai, na rasa mutum ɗaya tilo da maharban nan ke saurara, gobe kowa ya ce ai Shugaba ma dalma yake harbawa. Tsakuwa na tauna. Haƙorin ma dama ya tsufa."

Sannan ta roƙe shi ya yi jawabinsa na bana kamar kullum, ta ce za ta zo da ɗalibai. Ta karɓi alewar a matsayin tsaraba. A hanyar dawowa abin da kawai ya gaya mini shi ne na wuce mararraba.

Ranar buɗe farauta ɗakin taron ya cika. Ya zo da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Ya hau mumbari, ya ajiye takardar jawabin a gefe bai buɗe ba, ya jawo lasifika kusa da baki. Ya ce shi Tonosaki Masaji ya harbi barewa da dalma har hunturu biyu, yana sane, saboda hannunsa na rawa kuma ya ji kunyar a gane. Ya ce ya ci amanar ƙungiya, ya ciyar da baƙuwa guba, ya karɓi yabon da ba nasa ba. Ya koma gefen mumbarin ya sunkuya, ya tsaya a haka, ana ganin tsakiyar kansa.

Can Ebina ya tashi, ya zo ya ƙwanƙwasa lasifikar da yatsa, ta yi ƙarar da ta sa ɗalibai toshe kunne. Ya ba da haƙuri a madadin ƙungiya, ya ce na'urar ta lalace, na baya ba su ji jawabin Shugaba ba, amma kowa ya san abin da ya saba faɗa, jan ƙarfe kawai, ban da dalma. Ya tambayi na gaba ko sun ji. Ina layin farko, tsakanina da mumbarin bai wuce miƙa hannu ba. Muka ce mu ma ba mu ji sosai ba.

Tonosaki ya ɗago a hankali ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu abin dubawa a tafin hannunsa. Ebina ya kama shi a gwiwar hannu ya rako shi kujerarsa ta shugaba, ya gyara masa matashi, sannan ya ce a wuce batu na gaba, wato inda za a riƙa ajiye motoci don kada a tare wa tankar madara hanya.