Mutum Biyu a Layi Ɗaya

Da na buɗe baki a ranar nan, a gaban baƙuwa, shin da maigidana ya ga wata daminar? Na san ajali ba ya jiran kowa, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma duk safiya in na ɗora tukunya sai tambayar ta zo ta zauna kusa da ni a gindin murhu, kuma har yau ban sami abin da zan ce mata ba.

Ni ban yi boko ba, a allo ma iyakata surorin salla. 'Yata ce ke rubuta wannan. In kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira.

Sai na fara da maganar suna, don a can abin ya samo tushe. Maigidana yana da ɗan'uwa, ɗan baffansa. Shekara guda aka haife su, shekarar da kakansu ya rasu, sai aka mayar wa kowannensu sunan marigayin. Uban maigidana ya mutu yana goye, baffan ya ɗauke shi riƙo, ya tashi yana amsa sunan baffan a matsayin uba. Suna ɗaya ke nan, sunan uba ɗaya, gari ɗaya. Amma ba wanda ya taɓa ruɗewa a garinmu, domin wanda ya ci sunan kaka ba a kiransa da shi. Kowannensu da laƙabinsa tun yana zanen goyo. Ni kaina na shekara biyu a gidan kafin in san sunansu na yanka ɗaya ne, 'ya'yanmu kuwa ba wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu.

Kowannensu yana da fili a wajen noman rani, can ɓangaren Watari. Na maigidana shi ne wanda giginya ke tsaye a kusurwarsa. Tumatir da albasa yake yi, wani lokaci ɗan alkama. Gonar damina ba ta kai mu ko'ina, ƙasa ta yi mana kaɗan a nan, gida na bin gida. Filin nan shi ke riƙe da mu daga kaka zuwa saukar ruwa.

Ɗanmu na fari ya yi karatu a Dawakin Tofa, ya wuce Kano, ya koyo aikin kwamfuta. A shekarun da taki ya gagari talaka, masara ta zama abin aunawa da gwangwani, sai ƙungiyarmu ta manoman rani ta ce wasu na rubuta sunansu sau biyu don su ci fili biyu da rabon taki biyu. Aka ce a kwashe sunayen kowa daga littattafai a zuba a kwamfuta, mutum ɗaya fili ɗaya, wanda aka kama da biyu a kore shi. Aikin ya faɗa hannun yaron nan da abokan aikinsa. Garin nan kaf ya ɗauka. Ubansa, da yake ɗan fari ne, bai taɓa yabonsa a gabansa ba, ko sunansa ba ya kama wa. Amma na ga yadda ya riƙa wanke babbar rigarsa ranar kasuwar Ɗambatta, don ya san za a tare shi a yi masa barka.

Ƙarshen damina ɗan'uwan maigidana ya rasu. Muka yi zaman makoki, aka kai wa ƙungiya labari kamar yadda aka saba. Da lokacin sakin ruwa ya matso, maigidana ya tafi karɓo katinsa. Ya dawo kafin azahar, ya jingine kekensa, ya zauna a kan turmi da takalmi a ƙafarsa. Na kawo masa ruwa bai sha ba.

Ya ce akawun ya duba, ya sake dubawa, sannan ya juyo masa da fuskar kwamfutar kamar mai karatu ne, ya ce, "Baba, ai mai wannan sunan ya rasu." Maigidana ya ce masa ga ni a tsaye. Akawun ya ce shi dai abin da ke ciki yake faɗa: mai sunan mutum ɗaya ne, filinsa ya koma wa magada. Filin giginya kuwa an same shi ba mai shi, har an ba wani daga cikin masu jira.

Na ajiye ruwan. Na ce a kira yaron a waya yanzun nan. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce wannan shi ne aikinsa na farko, idon gari na kansa, in aka ji aikin ya binne ubansa da rai, wa zai sake ba shi wani? Ya ce zai bi ta hannun manya a hankali. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Ya je wajen manyan sau uku, kowa ya ce sai masu kwamfuta sun zo, shi kuma ya ƙi kiran mai kwamfutar, alhali ɗansa ne. Ruwa ya zo, wani ya dasa tumatir a ƙarƙashin giginyarmu.

Sai ya shiga ƙwadago, da furfurarsa. Yana tsaye cikin ruwa tun sanyin safiya yana dasa wa waɗanda ya girme wa iyayensu. Na sayar da awakina biyu. Yaron yana aiko mana da abin da ya samu, amma a shekarun nan abin da za a aiko ba ya kai mako. In ya kira ya ce yaya tumatir ɗin Baba, sai in ce bana ya huta, bayansa ke ciwo. Ƙarya ce na yi wa ɗana, da bakina. Kafin tsakiyar rani tari ya kama maigidan, ya kwanta.

Wata Asabar sai ga yaron da rana tsaka, tare da abokiyar aikinsa, wata 'yar birni mai tabarau da kaifin baki. Sun je duba filaye ne, suka biyo ya gaida ubansa. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki ya gaishe shi, uban ya amsa a taƙaice kamar kullum, ya ce zazzaɓi ne kawai. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar darbejiya, daf da tagar ɗakin, na zauna gefe ina dama musu fura. Suka buɗe kwamfutarsu irin mai ninkewa suka shiga musu.

Ban gane rabin abin da suke faɗa ba, Hausa suke yi tana tsalle cikin Turanci. Suna ta cewa tebur, ni kuwa ban ga tebur ba. Yarinyar ta lura ina kallonsu, ta yi dariya ta ce, Inna, kamar rumbuna ne guda uku: ɗaya na sunayen mutane, ɗaya na filaye, ɗaya na rabon ruwa da taki, kowane fili an ɗaure shi da igiya a jikin mai shi. Matsalarsu ita ce, mutanen da ke tsohon littafi sun fi na kwamfuta yawa, kuma sun rasa ta inda suka zube.

Ta ce tun farko ta gaya masa a ba kowane mutum lambarsa, a bar dogara da suna. Ya ce ai ba suna kaɗai ya sa ba, ya haɗa huɗu: suna, sunan uba, gari, ranar haihuwa, in huɗun nan suka zo ɗaya to mutum ɗaya ne. Ta ce ranar haihuwar wa? Ta juya kwamfutar ta ce ya duba, duk tsofaffin ƙauyen nan ranar ɗaya ga watan ɗaya aka haife su, don abin da akawu ke rubuta wa duk wanda bai san ranarsa ba ke nan. Ta ce, sannu Injiniya, kai ka gano ranar da ungozomomi suka fi shan wuya a duniya. Ya yi dariya ya ce Hajiya ta fiye tsoro, da an bi tata da har yanzu ana zane a takarda.

Sai ta kawo ta biyu. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne yadda ya ƙulla igiyoyin: in aka goge mutum, duk abin da ke ɗaure da shi sai ya kwance, fili ya zama ba mai shi, rabon taki ya ɓace, ba ko alama. Ta ce bai kamata a goge kowa ba, a dai sa masa shaida a ajiye shi gefe, ko don wata rana. Ya ce manya sun matsa a gama kafin sakin ruwa, kuma tarin shara ba ya gyara rumbu.

Ta ajiye ludayinta ta dube shi. "Tsakaninka da Allah, ka taɓa goge wani da hannunka?"

"Mutum ɗaya tak," in ji shi. "Shi ma don na san shi ne. Babana ne. Na ga an rubuta shi sau biyu da fili biyu, na ce kafin a ce tsohon nan ya yi cuta a kore shi, gara in cire ɗaya."

"Ka tabbata shi ne duka biyun?"

"Haba Hajiya. Ban san ubana ba?"

Ƙwaryar da ke hannuna ta karkace, fura ta zubo mini a zane. Ashe ba injin ne ya yi kuskure ba. Hannun ɗana ne, kuma don ya kare ubansa ya yi. Shi filin ubansa, da giginya ya san shi, ba da lamba ba, ya ga layi biyu iri ɗaya ya cire wanda ya cire. Na ajiye ƙwaryar. Na buɗe baki, sai tari ya tashi daga cikin ɗaki, maigidan ya ce a kawo masa ruwa.

Na shiga. Ba ruwa yake so ba. Yana kwance fuskarsa na kallon tagar, ya ji komai. Ya kama bakin zanena ya riƙe, ya girgiza kai sau ɗaya. Na tsaya a kansa hawaye na zuba, a waje kuma ina jin yarinyar tana cewa to shi ke nan, sai su koma su bi littafin layi-layi. Da na fito sun ninke kwamfutar. Yaron ya ce Inna me ya sami idonki, na ce hayaƙi. Ya leƙa ya yi wa ubansa sallama, uban ya ce Allah ya yi albarka. Wannan ne ganinsu na ƙarshe.

Ranar Litinin da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Sai bayan sadakar bakwai na kira yaron ɗakina na gaya masa duka, tun daga sunan kaka har ƙwadago. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Ya ce, ɗan'uwan Baba, shi ma sunansa ke nan? Na ce shi ne. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya tashi ya fita ba takalmi, na same shi a bayan rumbu ya dafa bango yana amai. Ya ce don me ba ku gaya mini ba, minti biyar ne gyaran, Inna, minti biyar. Na kama hannunsa muka koma ciki.

Yarinyar nan, Allah ya saka mata, ashe ta ajiye kwafin komai tun kafin a fara gogewa. Suka dawo da layin maigidana, sannan suka sa masa shaidar rasuwa, wannan karon da gaskiya. Suka ba kowa lamba, suka hana gogewa. Da suka bi sauran, sun tarar ba mu kaɗai ba ne, akwai wasu gidajen da suka ci sunan kaka irin namu. Filin giginya ya dawo hannuna da rani na gaba. Ranar da na je karɓar kati, akawun ya tambaye ni sunan mahaifiyata, ya ce sabon gurbi ne aka ƙara a kwamfutar. Na faɗa masa, na fito na zauna a bakin hanya na yi kuka har na gode Allah, don na san inda gurbin nan ya fito. Saƙo ne na isar.

Ranar Asabar ɗin nan, bayan motarsu ta tashi, na koma ɗaki bayan la'asar na zauna a gefensa. Ina jin haushinsa, ban ɓoye ba. Na ce ka ji da kunnenka, me ya rage kuma? Numfashinsa na fita da ƙyar. Amsar da ya ba ni ita ce maganarsa ta ƙarshe, daga ita bai sake cewa komai ba sai salati. Ya juyo ya dube ni ya ce:

"Yarinyar nan ta fi shi gaskiya, amma kada ki faɗa a gabanta. In na tafi, ki same shi shi kaɗai. Ki ce masa ya riƙa tambayar sunan uwa. Ni da ɗan'uwana, uwayenmu daban ne."