Sa Hannun da Isuhu Ya Rantse Ba Zai Roƙa Ba

Ko gobe na ajiye aikin nan, ranar da Rakiya ta shigo ofishinmu da katin mijinta a hannu ba za ta fita daga raina ba. Ku da kuka zo bayana kuna yawan cewa ina ɓata lokaci da hira kafin in buɗe wa mutum fayil. To, ku zauna ku ji inda na samo halin.

Lokacin na daɗe ina aikin mataimakiyar lauya a wani ƙaramin ofishi a garin Silver Spring na Amurka, a saman wani kantin kayan abinci na mutanenmu. Lauyan dattijo ne Ba'amurke, ko "sannu" ba ya ji da Hausa. Ni ke karɓar baƙi, ni ce tafinta, ni ce kuma mai hatimin da ake rantsuwa a gabana in buga. 'Yar Jos ce ni, Anti Saratu kowa ke kirana, kuma an san bakina ba shi da linzami.

Bari in fara bayyana ƙa'idar saboda waɗanda ba su san ta ba. Wanda ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa, in auren bai kai shekara biyu ba lokacin da aka ba shi girin kad, wato katin izinin zama, ba a ba shi na shekara goma. Na shekara biyu ake ba shi, na gwaji ke nan. A cikin wata ukun ƙarshe kafin katin ya mutu, dole miji da mata su cike takarda guda tare, su sa hannu su biyu, su haɗa da shaidar cewa auren na gaskiya ne. In wa'adin ya wuce ba su yi ba, izinin zama ya faɗi da kansa, ba sai an aiko an gaya wa mutum ba. Aiki ya haramta gare shi, kuma hukumar shige da fice tana iya tura shi gaban alƙali a fara maganar mayar da shi gida. Hanya ɗaya ce ta rage, wato a shigar da takardar a makare tare da bayani a rubuce na dalilin jinkirin. Jami'in da ya duba, in ya gamsu ya karɓa, in bai gamsu ba ya ƙi.

Wata Litinin ce da safe, cikin sanyi. Rakiya nas ce a wani asibiti a Largo, 'yar Kaduna, ta daɗe da zama 'yar ƙasar Amurka. Daga aikin dare ta biyo, ko kayan aiki ba ta cire ba. Muka gaisa, ta ajiye mini katin a tebur. Na duba, na sake dubawa. Ya kusa wata biyar da mutuwa.

Na ce, "Ikon Allah! Ina kuke har aka kai haka?"

Ta ce ita ma shekaranjiya ta sani. Mijinta Isuhu, mutumin Maraɗi, direba ne a wani kamfani mai kai marasa lafiya asibiti. Kamfanin ya nemi sabon kati, ba shi da shi, aka dakatar da shi. Ya dawo gida ya ce mata an dakatar da shi, bai ƙara ko kalma ba. Ita ce ta matsa har ya miƙo mata katin. An taɓa gaya musu zancen sabuntawa tun farko, amma da aikin dare da goyo, sai ta bar masa kula da takardunsa.

Na ga irin wannan da yawa, kuma galibi aure ne ya lalace. Don haka ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Ƙanwata, gaya mini gaskiya. Kun rabu ne? Yana dukanki? Ko yana da wata a gida?"

Ta girgiza kai. "Wallahi, Anti, ko ɗaya. Baban Hanifa bai taɓa ɗaga mini murya ba. In ina aikin dare shi ke kwana da yarinya, shi ke yi mata wanka. Shi ya sa abin ya ɗaure mini kai."

Na ce ta kawo shi.

Washegari suka zo tare. Dogo ne siriri, mai sanyin magana. Ya gaishe ni da ladabi, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo gaisuwar surukai. Lauya ya fito ya zauna da mu. Tambayar farko da ya ce in yi masa ita ce ko mantawa ya yi.

Isuhu ya ce, "A'a, Anti, ban manta ba. Na san ranar. Tun da wata ukun suka kama nake ƙirga su."

Na fassara. Lauya ya cire tabarau ya dube shi. Rakiya kuwa ta juyo gaba ɗaya ta zuba masa ido.

Sai da na lallaɓa shi sosai kafin maganar ta fito. Ranar sunan 'yarsu Hanifa, an taru a gidansu, mata suna saman bene, maza suna falo ana cin abinci. Wan Rakiya, Kabiru, wanda shi ne ya tsaya mata a matsayin uba ranar ɗaurin aure, dama bai so auren ba. Ana cikin raha sai ya ce, kowa yana ji, "Mu dai mun zuba ido shekara biyu ta cika. Da ta sa masa hannu ya karɓi na shekara goma, za ku ga ko direban Maraɗi zai ƙara kwana a gidan nan." Aka kwashe da dariya. Isuhu ya ajiye cokali ya ce, "Wallahi tallahi, Yaya, ba zan taɓa roƙon ƙanwarka ta sa mini hannu a kan wata takarda ba." Wani ya yi sauri ya kawo wani zancen. Duk mazan da ke wurin babu wanda ya kai labarin sama.

Rakiya ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta rufe fuska da mayafinta.

Ni dai raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Malam Isuhu, ni ba Musulma ba ce, amma cikin Musulmi na tashi. Ai na san in mutum ya yi rantsuwar da za ta cuce shi, akwai kaffara."

Ya ce, "Akwai, Anti. Kaffara ba ta da wuya. Idon Yaya Kabiru ne ke da wuya. In na kawo mata takardar, mi zai ce? Zai ce ga shi nan, dama ya faɗa. Ni so nake su gani da idonsu cewa ba don kati na aure ta ba."

Na ce, "To, sun gani. Amma ka san abin da hukuma ta gani? Mijin da matarsa ba ta sa masa hannu ba. A wurinsu wannan ita ce babbar alamar auren ƙarya. Abin da ka yi don wanke kanka a idon surukai, shi ne ya ɓata ka a idon gwamnati."

Da alama bai taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba.

Lauya ya yi musu bayani, ina fassarawa. Ya ce ba zai yi musu alkawarin komai ba, domin wannan ba ciwo ba ne, ba haɗari ba ne, mutum ne ya ƙi da gangan. Ya ce akwai masu ba da shawarar a ƙirƙiro rashin lafiya, amma a ofishinsa ba a yin haka, kuma ƙarya ɗaya in aka kama ta, ta rufe hanya har abada. Gaskiyar za a rubuta yadda take. Sai dai wane jami'i ne zai yarda mutum ya jefa zamansa a haɗari saboda maganar da aka yi a wurin cin shinkafa? Dole a samu wanda ya ji da kunnensa ya rantse a rubuce. Kuma babu shaidar da ta kai ta wanda ya faɗi maganar.

Isuhu ya miƙe tsaye. "Gara in koma Maraɗi da in nemi alfarma wurinshi."

Na ce, "Zauna, malam. Ka koma Maraɗi, Hanifa fa? A waya za ta san ubanta?"

Ya zauna. Rakiya ta ce ba sai ya nema ba, wanta ne, ita za ta kawo shi.

Ban san abin da ta gaya wa Kabiru ba, amma kafin mako ya ƙare sai ga shi, da babbar riga da hula, yana ta harare-harare. Ya ce shi wasa yake yi a ranar, wasan surukai, bai san mutumin zai riƙe abin a zuci ba. Na ce, "Alhaji, ko wasa ne ko ba wasa ba, abin da ya fito daga bakinka za mu rubuta." Ya faɗa, na rubuta, na karanta masa da Turanci da Hausa. Da ya ji maganarsa a bakin wata, kalma bayan kalma, sai ya sunkuyar da kai. Na tambaye shi abin da ya gani game da auren tun daga ranar. Ya ce, "Ki rubuta cewa ban taɓa ganin ƙanwata cikin kwanciyar hankali kamar yanzu ba." Ya ɗaga hannu ya rantse, ya sa hannu, na buga hatimi. Ya fita ba tare da ya sha ruwan da na ajiye masa ba.

Muka haɗa sauran shaidu: takardar haihuwar Hanifa, hayar gida da sunansu su biyu, inshora, hotunan biki da na suna. Ranar sa hannu suka zo da yarinyar, tana ta tattaka ofis tana jan takardu. Na shimfiɗa takardar a gabansu, na nuna wa Isuhu layinsa. Ya sa hannu. Na tura wa Rakiya, na miƙa mata biro.

Na lura fuskar Isuhu ta ɗan saki. Na gane lissafinsa. Ga takarda ta zo gabanta, ni ce na miƙa, shi bai roƙa ba. Zai samu kati, rantsuwarsa kuma tana nan daram.

Rakiya ma ta gane. Ta riƙe biron, ta dubi layin, sannan ta ajiye shi a tebur.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Anti, ba zan sa ba sai ya roƙe ni."

Kowace rana da ta ƙaru tana ƙara mana wuya, ga shi mun kawo bakin gaɓa. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, ta ɗaga mini hannu, ta juya wurin mijinta. Muryarta ba ta tashi ba, amma hawaye na zuba.

"Baban Hanifa, ka yi rantsuwa a kan aurena ban sani ba. Wata da watanni kana kwana kusa da ni kana ƙirga ranar da za a raba ka da mu, ba ka ce mini uffan ba. Maganar Yaya ta fi ni nauyi a wurinka, ta fi 'yarka. In na sa hannu yau haka, gobe wani ya sake faɗa maka magana, ka sake zaɓensa ka bar mu. Ni ban taɓa zarginka ba, ko sau ɗaya. A gaban maza ka ɗaura rantsuwar nan, to a gabana za ka kwance ta."

Lauya ya leƙo daga ɗakinsa, na yi masa alama ya koma. Isuhu ya kafa wa tebur ido. Na rantse na ɗauka tashi zai yi ya fita, kuma da ya fita, ban san abin da zan iya yi musu ba.

Can ya sa hannu ya ɗauki biron. Ya riƙe shi da hannu biyu ya miƙa mata.

"Rakiya, na yi kuskure. Don Allah ki sa mini hannu. Ina son in zauna da ku."

Ta karɓa ta sa. Ni da nake taƙamar na ga komai a aikin nan, sai da na shiga bayi na wanke fuska.

A ranar muka aika. Isuhu ba shi da aiki, ba shi da halin ciyar da miskinai, don haka azumin kwana uku ya yi na kaffara. Aka shiga jira, Rakiya tana haɗa aikin dare da na rana don riƙe gida. Daga baya hukuma ta karɓi takardar a makare, ya koma aiki, aka kira su intabiyu. Rakiya ta ce mini jami'ar da ta yi musu tambayoyi ta karanta shaidar Kabiru har sau biyu, ta tambayi Isuhu ko da gaske ne ya yi haka. Ya ce da gaske ne, kuma ba abin alfahari ba ne. Ya samu katinsa na shekara goma. Kada ku ɗauka haka take ƙarewa kullum. Na ga waɗanda dalilinsu ya fi nasa ƙarfi, aka ƙi su.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba kasafai suke rasa wa'adi don jahilci ba. Sau da yawa sun san ranar fiye da mu. Kunya ce ke riƙe su, ko wata magana da aka yaɓa musu a gaban jama'a, wadda babu gurbinta a takardar hukuma. Takardar tana tambayar ko auren gaskiya ne, amma ba ta san mutum yana iya rasa ƙasa, da aiki, da 'yarsa, don kawai kada a ce ya roƙi matarsa ba. Shi ya sa nake zama in yi hira kafin in buɗe fayil. Aikinmu a ce sa hannu biyu muke nema, kuma kowa yana iya sa su cikin minti ɗaya. Amma kafin ku miƙa biro, ku tabbata mutanen nan biyu sun gama faɗa wa juna abin da suka ɓoye, domin mu katin kawai muke iya ceto musu, su ne za su koma gida su kwana a ɗaki ɗaya.