Bargunan Inna Sun Cika Mana Ɗaki

Bayan rasuwar Baba ne Inna ta koma ɗinki gadan-gadan. Teloli biyu da ke bakin layinmu a unguwar Ali Kazaure suna tara mata ragowar ƙyallaye a leda. Ita kuma ta zauna a ƙofar ɗaki inda haske ya fi, ta jera su, ta haɗa da allura da zare, ta sa tsofaffin zannuwa a tsakiya don kauri. Bargo ɗaya yakan ci mata watanni. Da ta gama sai ta ninke, ta kira ni.

"Wannan na yayanki ne. Aje masa."

Ni kaɗai na rage a gabanta. Tun da mijina ya rasu na dawo gida, ina koyarwa a wata firamare. Yayana yana Legas da iyalinsa, ƙanwata tana aure a Kano. Kowane bargo akwai mai shi, har jikokin da ba su san hanyar gidanmu ba an ɗinka musu. Ɗakina ya zama ma'aji. Sun cika akwatin ƙarfe, sun hau saman kwaba, daga baya suka cinye rabin gadona. A gefe ɗaya nake kwana, ga warin kafur.

Wata damina aka yi ta ruwa ba sassauci, bango ya jiƙe, na ga funfuna ta fara kama na ƙasa. Na ce wa Inna dole a san yadda za a yi.

"To ki kai tasha a Titin Bauchi mana, a ba direba. Masu su suna can suna jira."

Na kira Yaya. Dariya ya yi.

"Bargo a Legas? Da fanka ma zufa muke yi. Ki ce mata kin aiko, ya iso, mun gode."

"Yaya, a kan gadona suke. Kullum tana ganinsu."

"To ki ajiye. Amma kada ki sayar fa, kada ki bayar. Hannun Inna ne."

Ƙanwata ma haka ta ce. Ita ba ta da wurin ajiya, kuma yaranta ba za su rufa da haɗe-haɗen ƙyallaye ba, amma idan ta ji an fitar da ko ɗaya ba za ta yafe ba. Na kashe wayar na zauna a kan tulin. Ba su so, sun hana a bayar, ni kuma ba ni da bakin gaya wa Inna.

Ashe ta ji, domin labule ne kawai tsakaninmu. Washegari tana zura zare a allura sai ta tambaye ni.

"Zafi ne a can, ko?"

"Zafi ne, Inna."

"To, ke kike kwana da su. Abin da kika ga ya dace, ki yi."

Na ɗauka za ta daina ɗinkin. Ranar ma wani sabo ta fara.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ke sayar da kabeji a kasuwar Farin Gada. Ya taɓa ba ni labarin masu lodin kaya da ke kwana a gefen manyan motoci cikin sanyi, daga su sai buhu. Na zaɓi barguna biyu da funfuna ta taɓa, na wanke, na ba shi ya kai musu. Ban gaya wa su Yaya ba. Inna ta ga fitarsu, ta ce Allah ya sa su amfana. Ranar na miƙe ƙafafuna a gado, na ji daɗi, har na fara lissafin a hankali zan raba sauran.

Bayan 'yan makonni na shiga Farin Gada sayen tumatir. An sha ruwa da safe, ko'ina caɓi. A bayan wata mota na hango ɗaya daga cikin bargunan, an shimfiɗa a ƙasa an zube dankali a kai ana tsincewa. Na matsa kusa. A tsakiyarsa akwai wata shuɗiyar shadda da ban lura da ita ba lokacin da nake wanki. Rigar Baba ce ta Juma'a, da ɗinkin wuyanta. Wani mutum yana tsaye a kai da takalmin roba.

"Madam, kwando nawa za ki saya?" ya tambaye ni.

Ba laifinsa ba ne. An ba su, sun yi amfani da shi yadda ya yi musu. Na tsaya ina kallo, na kasa cewa a ɗaga, na kasa tafiya. Daga baya na juya, ko tumatirin ban saya ba.

Da na dawo gida na warware sauran ɗaya bayan ɗaya. Ga zanen da Inna ta goya ƙanwata da shi. Ga kayan makarantata. Ga yadin rigar mijina, wanda na ɗauka tuni an yi sadaka da shi. Ashe ba ƙyallayen teloli kaɗai take haɗawa ba.

Inna ta ɗaga labule ta same ni a tsakiyarsu.

"Masu lodin sun ji daɗinsu?"

"Suna amfani da su," na ce.

Dattijon ya tambaye ni ko akwai wasu, na ce sai na duba. Har yau ban duba ba. Idon Inna ya yi rauni yanzu, ni nake zura mata zare a allura kafin in tafi makaranta. Idan rana ta fito sai in kwashe bargunan in shanya a igiya da kan katanga, in zauna ina kallon sama saboda hadari. Da ya haɗo in kwashe da gudu in mayar ɗaki. Yaya ya kira kwanan baya ya tambaya ko suna nan lafiya, na ce suna nan. Ya ce in ƙara kafur.