Ƙafar Gaba ta Dama

Na haura arba'in lokacin da na yi motar kaina. Aurena ya mutu, na dawo gidanmu a unguwar Koki, ina koyarwa a wata makaranta can bayan gari. Kullum cikin adaidaita sahu, a matse ni kamar buhun gawayi, in isa aji ina warin hayaƙi. Na gaji. Na koyi tuƙi a lokacin hutu, na ɗauki adashina, na ce mota zan saya.

Yayanmu, wanda gida yake hannunsa tun rasuwar mahaifinmu, bai so ba. A gidanmu mace ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Sai da Hajiya, mahaifiyarmu, ta sa baki ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ranar da na bugi wani abu, ranar zan ajiye makulli. Na ce na ji na yarda.

Mace ba ta zuwa wajen dillalai ciniki, don haka shi ya je. Na roƙe shi ya tafi da bakanike. Tabɗi! Kamar na zage shi. Mu jikokin fataken Turabulus ne, kuma Yaya ba ya bari kowa ya manta.

"Ni za a haɗa da bakanike?" in ji shi. "A kasuwar Kurmi na tashi. Wanda zai cuce ni a ciniki ba a haife shi ba."

Dillalin kuma abokinsa ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Yaya ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya shuri taya da ƙafa, aka sallama, aka shafa fatiha. Sati guda yana ba 'yan majalisarsu labarin yadda ya karya dillali a farashi.

Ni dai na samu mota, ruwan toka, ta hannu ce amma fes. Ba ta shiga lungunmu, a bakin titi take kwana. Wallahi har leƙa ta nake yi ba dalili. Ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, kowa ya wuce ni yana zabga hon, ko a jikina.

Ba a jima ba sitiyari ya fara rawa in na ɗan taka. Tayar gaba ta dama kuma kullum da safe ta yi laushi. Mai faci ya nemi ƙusa bai samu ba, sai ya kwance ƙafar gaba ɗaya, ya cire tayar daga rim, wato ƙarfen da take zaune a kai, ya kifa shi. Ta ciki akwai tsaga mai tsawon ɗan yatsa, an yi mata walda, an goge, an bi da fenti. Ya kankare da wuƙa, baƙar tsohuwar walda ta fito. Fentin da ya rufe ta kuwa shi ne a sauran ƙafafun uku. Ya ce in ina gudu ta buɗe, sai dai wani ya ba da labari.

Na sa aka ɗaura safaya, na jefa rim ɗin a but. Ban bi ta gida ba. Kai tsaye na nufi wajen dillalin.

Na same shi a kan benci, cikin farar shadda, yana cin gurasa. Na sa aka dire masa rim ɗin a gabansa. Ko sunkuyawa bai yi ba.

"Hajiya, a ina motar take kwana?"

Na ce a Koki.

Ya juya wajen abokan sana'arsa yana dariya. "Kun ji! Koki. Mace, sabon hannu, a cikin gari, kwata hagu kwata dama. Kin jefa ta a kwata, kin kai an liƙe don kar Yaya ya gani, yanzu kin zo ki shafa mini kashin kaji."

Na nuna masa fentin. Ya ce fenti ai a kasuwa ake sayar da shi. Na ce ya rantse. Ya ce shi ba ya rantsuwa a kan shirmen mata. Nan fa idona ya rufe. Na ce masa maƙaryaci, macuci, mai sayar wa mutane ajalinsu. Na yi masa Allah ya isa da ƙarfi, har masu wucewa suka tsaya. Ban yi nadama ba, har gobe.

Kafin in isa gida dillalin ya kira Yaya a waya.

Washegari bayan la'asar aka zauna a soron gidanmu: Baffa ƙanin mahaifinmu, da Yaya, da dillalin. Ni aka ce in tsaya daga bakin ƙofar cikin gida. Rim ɗin yana tsakiyar tabarma, na kifa shi da kaina yadda waldar za ta kalli kowa. Babu wanda ya taɓa shi.

Baffa ya tambayi Yaya, "Kai ka duba motar nan?"

"Ni na duba."

"Ka ga wannan tsagar?"

Ina kallon ƙeyar Yaya. Kalma ɗaya nake jira, ya ce bai leƙa ciki ba, shi ke nan.

"Babu ita a lokacin," in ji shi. "Ƙafa huɗun nan ciki da waje na duba su."

Innalillahi. Mutumin da shuri ɗaya ya yi wa taya! Na buɗe baki, Baffa ya ɗaga mini hannu. Ya ce magana ta ƙare, maza biyu sun faɗi abu ɗaya. Abin da ya rage shi ne zagin da na yi wa mutum mai iyali a bainar jama'a. In durƙusa in ba shi haƙuri.

Na durƙusa. Baffa ne, ba a yi masa musu. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri."

"Haba, ba komai," in ji dillalin. "Ƙanwata ce. Mata ai sai haƙuri." Har ya ƙara da cewa in ana so zai karɓi motar ya sayar mana, saboda zumunci. Baffa ya sa masa albarka.

Yaya ya miƙo hannu ba tare da ya kalle ni ba. Na sa masa makullin.

Bayan magariba ya shigo gaida Hajiya, ya same ni a ɗakinta. Ban jira ya zauna ba.

"Yaya, tsakaninka da Allah, ka san ban bugi komai ba."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Na sani. Bayan sun tafi na duba. Tsohuwar walda ce."

"To?"

"To me? In fita in ce wa gari an rufe ni a ciniki? Ke mota kika rasa. Ni gobe kasuwa zan shiga."

Na ce to ya ba ni makullina, ko ba a faɗa wa kowa ba. Ya ce ya riga ya karɓa a gaban mutane, kuma motar da safe za ta koma wajen dillalin. Na tambaye shi rim ɗin fa, wa za a sayar wa? Ya ce wannan ba matsalarmu ba ce, za a gyara fentin.

Na juya wajen Hajiya. Duk ta ji, tana zaune a kan sallaya tana jan carbi. Ta kalle ni ta ce yayana tun rana bai ci komai ba, in tashi in zuba masa abinci.

Na tashi na zuba masa.