Takardar da Ban Saya wa Yaya Ba

A gidanmu na Fagam ni kaɗai na gama firamare, don haka duk abin da ya shafi takarda ni ake miƙa wa. Yayana manomi ne, karatunsa na allo. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya ba ni jarin da na buɗe shagon hatsi a Birnin Kudu. Har na yi furfura bai daina kirana ɗan boko ba.

Burinsa tun yana saurayi ya kai ziyara birnin Fas a ƙasar Maroko. Shekarar da riɗi ya yi kyau ya ce lokaci ya yi, kuma tare za mu je. Na tafi Kano wajen ejan mai shirya tafiyar. Ya rubuta mini kuɗin jirgi da na biza da na masauki, daga ƙasa ya sa na inshora. Na tambaye shi amfaninta. Ya ce in ciwo ya kama mutum a can, kamfanin ne zai biya asibiti, amma ba dole ba ce.

Na karanta wa Yaya takardar duka, har da inshorar, ya ba ni kuɗin bai tambayi komai ba. A mota, ina komawa Kano, na fara tunanin tsaraba. Surukai, maƙwabta, mutanen masallaci, kowa zai zuba ido. Shagona ya ja baya a lokacin, kuma ba na son a ce tsarabar Yaya ta fi tawa. Na ce a raina kwana goma ne kawai, kuma ziyara za mu je, me zai same mu? Na biya komai ban da inshora, na sa sauran a aljihu.

Kwana huɗu da saukarmu na cika jaka da takalman fata da carbi da turare. Washegari bayan azahar Yaya ya durƙushe a ƙofar masauki ya riƙe mara. Ya daɗe da gwaiwa, ɗaure ta yake yi da ƙyalle ya shiga gona. Ranar nan ta ƙi komawa. Yana ta amai, gumi ya jiƙa masa riga.

Malamin da ke jagorantar ayarinmu, mai jin Larabci, ya kai mu asibitin kuɗi mafi kusa. Likita ya ce hanji ya shaƙe, sai an yi tiyata a ranar. Matar da ke karɓar marasa lafiya ta ce a kawo takardar inshora, in babu a ajiye kuɗi. Malam ya fassara mana.

Yaya ya ɗago kai daga kan gadon da ake tura shi. "Ɗan boko, ba su takardar mana. Ai mun biya."

Na ce bari in kira ejan. Na fita waje na kara waya a kunne, ban kira kowa ba. Na daɗe a tsaye, sannan na dawo na ce masa, "Yaya, wai kamfanin ba ya biyan irin wannan ciwon."

Ya ce, "Allah ya isa," ya mayar da kai.

Mutanen ayari suka haɗa abin da ke aljihunsu aka ba da kafin alƙalami, aka shiga da shi. Cikon kuwa sai daga gida. Na kira matar Yaya. Da na gaya mata, ta ce, "Riɗin an sayar saboda tafiyar. Sai dai shanun huɗa." Da bakina na ce a sayar. Saura 'yan makonni ruwa ya sauka, lokacin da ba manomin da ke rabuwa da shanunsa. Dillalai suka gane matsuwa ce, suka saye su a wulaƙance. Wani ɗan canji ya turo mana kuɗin.

Yaya ya tashi, alhamdu lillahi. Amma daminar nan sai da kowa ya gama huɗarsa kafin ya samu shanun haya, rabin babbar gonarsa bai nomu ba. Bai sake mallakar shanu ba. Ni kuwa na raba tsarabata gida gida, ana sa mini albarka. Duk wanda ya zo dubiya sai Yaya ya nuna ni ya ce, "Ba don wannan ba da a can za a binne ni." In na kai masa buhun gero ya yi ta godiya har in rasa inda zan sa kaina.

Haka na zauna da maganar shekara da shekaru. Sai bara babban ɗansa, magidanci ne mai sayar da yadi, zai tafi Masar saro kaya. Muna zaune a zaure ya ce gobe zai je ya biya inshora.

Yaya ya ɗaga masa hannu. "Kada ka ba su ko sisi. Ɓarayi ne masu zaman ofis. Tambayi baffanka, mu mun biya, ranar buƙata suka juya mana baya."

Ɗan nasa ya juyo gare ni. "Haka ne, Baffa?"

Na dube shi. 'Ya'yansa biyar, kuma yana da hawan jini.

Na ce, "Ba mu biya ba."

"Me ka ce?" in ji Yaya.

"Ban biya ba, Yaya. Tsaraba na saya da kuɗin. Wayar da na fita yi ma ban kira kowa ba."

Ya ɗauke idonsa daga kaina. Sannan ya ce wa ɗansa, "Je ka biya. Ka kawo takardar in riƙe da hannuna, ko da ban iya karanta ta ba." Da aka kira la'asar na miƙa masa hannu zan tashe shi, ya dafa bango ya miƙe da kansa.

Bayan mako guda na koma na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Ni na yafe nawa. Amma ba ni na tsaya aka kwance shanun nan ba, matata ce. Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ban gaya mata ba, je ka faɗa mata da bakinka."

Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura, ta tambayi iyali. Na sha, na yi godiya, na taso ban faɗa ba.