Faifan tangaran da Malam ya ɗinke

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Idi mai ɗinkin tangaran. A unguwar Utaibiyya muka zauna tun da muka zo aikin Hajji ba mu koma ba. Finjali ko faranti in ya fashe, shi ake kawo wa: ya huda gefe da gefe, ya ɗaure da zaren jan ƙarfe, ya shafe da farin ƙwai da farar ƙasa. Yana da alfahari da hannunsa, har ya yi yawa.

A shekarun alif ɗari tara da sittin, maƙwabcinmu Baba Ɗanjuma, tsoho Basakkwace marar kowa, ya kawo rediyonsa da ta faɗi. Da ita kaɗai yake jin Hausar gida. Da aka buɗe, sai ga ɗan faifan tangaran mai zanen azurfa ya rabe biyu. Na ce a kai wa masu gyaran rediyo. Malam ya ce, "Tangaran ne fa! Khalas, an gama, Baba, jibi ka zo."

Ya ɗinke shi tsaf kamar faranti. Zaren ya haɗe zane-zanen da bai kamata su taɓa juna ba, ana kunna rediyon ta yi ƙauri, ba ta ƙara magana ba. Baba ya ce, "Ma'alesh, ba komai, ɗana," ya tafi. Ban taɓa ganin Malam ya ji kunya irin ta ranar ba, ni ma na ji masa.

Yanzu jikarmu Hauwa tana aiki inda ake yin irin faifan nan. Ta ce hawa-hawa ake jera su, a huda tun suna ɗanye, a cika ramukan da ƙarfe, a danne da zafi, a gasa har su zama ɗaya. Da yana raye, na san cewa zai yi ai hudar dai tasa ce, lokacin kawai ya kuskure.

Finjalan da ya ɗinke har yau ina shan shayi a cikinsu. Amma abin da na fi tunawa daban ne. Tun daga ranar da rediyon ta lalace, duk inda ya ji baƙo ya sauka daga gida, sai ya je ya kwaso labari: ruwan bana, wa ya rasu, wa ya yi aure. Bayan la'asar ya zauna a ƙofar Baba ya zayyana masa. Shekara shida yana haka, har ranar da ya ɗauki makarar Baba.